Wayar jan ƙarfe ko faiba: lissafin ɗan haya kafin ya ja intanet

Da gidan naka ne, da maganar ba ta da tsawo. Faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar intanet da haske, ta fi wayar jan ƙarfe gudu, ta fi ta juriya, kuma a kanta kamfanoni ke zuba kuɗinsu yanzu. Ɗan haya kuwa lissafinsa daban ne. Bangon da za a huda ba nasa ba ne, bai tabbatar zai sake shekara a gidan ba, ga kwantiragin da za a miƙo masa yana iya fin zamansa tsawo. Abu uku ne ke yanke masa hukunci: wace waya ce ta riga ta shigo gidan, wata nawa ya rage masa a ciki, sannan ko mai gida zai yarda a taɓa masa bango.

A fara da duba bango, tun ranar da aka je ganin gida in da hali. Ƙaramin soket mai kusurwa huɗu irin na tarhon tebur, wayar jan ƙarfe ce. Soket mai zagaye da ake murɗa wa waya, mai tsinke ɗaya a tsakiya, kebul ɗin talabijin ne, shi ma jan ƙarfe ne amma na wani tsarin. Idan kuwa ka ga ɗan akwatin roba a manne, siririyar waya mai kan roba kore ta shige shi, ga ƙananan fitilu a jere, to faiba ta riga ta iso, ka tsallake rabin wahalar da za mu yi magana a kai. Ɗauki hoton akwatin da sunan kamfanin da ke jikinsa, domin layin da kamfani ɗaya ya shimfiɗa ba lallai ne wani ya iya amfani da shi ba.

Sai a yi hattara da kalmar faiba a bakin masu talla. Akwai tsarin da zaren gilashin ke zuwa ya tsaya a akwatin da ke bakin titi, daga nan tsohuwar wayar tarho ta ƙarasa zuwa gida. An daɗe ana sayar da shi da sunan faiba, a takarda kuma za ka ga an rubuta FTTC ko VDSL. Wanda zaren ke shigowa har cikin ɗaki shi ne FTTH ko FTTP. Tambaya ɗaya ta raba gardama: zaren har cikin gida yake shigowa, ko a titi ya tsaya? Duk inda jan ƙarfe ya saura a hanya, halin jan ƙarfe za ka gani.

Halin nasa kuwa shi ne nisa yana cin sa. Wayar tarho tagwayen silili ne na jan ƙarfe, kaurin kowanne galibi kusan rabin milimita ne, kuma don ɗaukar murya aka ƙera ta. Da aka ɗora mata intanet, sai ya zama duk mitar da saƙo ya yi tafiya yana rage ƙarfi. Tsarin ADSL2+, mai bin wayar tarho tun daga cibiyar kamfani, na iya ba da megabit 24 a daƙiƙa ga wanda ke maƙwabtaka da cibiyar kamfani, amma a kilomita uku ya sauko ƙasa da megabit 10, a kilomita biyar da ƙyar a samu ɗaya ko biyu. VDSL2 yana kaiwa megabit 80 zuwa 100 idan akwatin titi bai fi mita 300 daga gidanka ba, a kilomita ɗaya kuwa kusan megabit 30 ne abin da zai rage. Kuma tsawon waya ake aunawa, wadda ke iya zagaye unguwa kafin ta iso, ko da kana hango akwatin daga tagarka. Shi ya sa gidaje biyu a layi ɗaya, masu biyan kuɗi iri ɗaya, wani na kallon bidiyo lafiya lau, wani na zaman jiran hoto ya buɗe. Kalmar "har zuwa" da ke gaban lambar talla ba alkawari ba ce. Ka nemi kamfani ya ba ka kiyasin adireshinka, da mafi ƙarancin gudun da ya lamunce, a rubuce.

Inda jan ƙarfe ya fi ba da kunya shi ne wajen aikawa. Mutane kan duba gudun saukewa su manta da na ɗorawa. ADSL2+ megabit ɗaya kacal yake bayarwa a wannan ɓangaren, VDSL2 kuma 10 zuwa 20 a yawancin tsare-tsare. Ɗauki bidiyo mai nauyin gigabait 5, wato megabit 40,000. A kan megabit ɗaya zai ci awa goma sha ɗaya, a kan 20 minti 33, a kan 100 bai cika minti bakwai ba. Kiran bidiyo mai kyau yana son megabit uku zuwa huɗu na aikawa. Idan mutum biyu na aiki daga gida, ga wayoyin hannu suna tura hotuna ma'ajiyar intanet ba tare da sun yi shawara da kowa ba, layin ADSL ya toshe ke nan, har saukewar ma ta tsaya, domin saƙonnin amsa da kwamfuta ke mayarwa ba su samun hanyar fita.

Gidan haya yana da wata matsalar tasa ta daban: wayoyin cikin gida da ba ka san tarihinsu ba. Wannan ya zauna ya ja reshe zuwa ɗakin kwana, wancan ya ƙara wani zuwa falo, wani ya zo ya yanke ya bar bakin a cikin silin. Duk reshen da aka bari ba komai a ƙarshensa yana mayar da amsa-kuwwar saƙo baya, yana kuma kwaso hayaniyar lantarki kamar eriya. Haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da tef, da zarar danshi ya shige shi sai ya yi kore-kore, layi ya riƙa yankewa duk ranar da aka yi ruwa. Caja mai arha, tsohuwar fitila mai ƙyafƙyafta, injin firji mai tashi da tsayawa, kowannensu na iya sa modem, na'urar da ke karɓo intanet daga layin, ya sake layi. Idan yankewar tana zuwa a lokaci guda kullum, misali da magariba idan an kunna fitilun waje, to ɓarawon yana cikin gida ko a maƙwabta.

Ga yadda ake gane gaskiyar layi. Nemo soket na farko, inda wayar waje ta fara shigowa, ka haɗa modem a nan da gajeriyar waya wadda ba ta wuce mita biyu ba, ka cire duk wani tarho. Shiga shafin modem ɗin daga kwamfuta, adireshin yana rubuce a ƙarƙashinsa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Lambobi uku za ka duba. Na farko gudun da modem ya ƙulla da kamfani, wanda shi ne iyakar abin da za ka taɓa samu. Na biyu raunin da saƙo ya yi a hanya, ana auna shi da dB: a layin ADSL ƙasa da 20 layi ne mai kyau ƙwarai, sama da 50 kuwa sai haƙuri. Na uku tazarar da ke tsakanin saƙo da hayaniya, wadda aka saba saita ta a dB 6. Idan tana faɗuwa zuwa 2 ko 3 da dare, layin zai yanke. Sai ka maimaita gwajin a soket ɗin da kake son amfani da shi. In lambobin sun lalace a can, laifin na wayar cikin gida ne, kuma yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar alhakin abin da ya wuce soket na farko. Gyaran ya koma tsakaninka da mai gida. Idan akwai tarho a layin, kowanne sai an sa masa 'yar matata da ke raba murya da intanet, rashin ta a soket ɗaya ya isa ya dagula gidan gaba ɗaya.

Kebul mai zagaye ba ya shan wahalar nisa kamar wayar tarho, yana iya ba da ɗaruruwan megabit har zuwa gigabit, wato megabit dubu, wajen saukewa. Rauninsa shi ne gudun aikawa kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma unguwa ce ke raba layi ɗaya, don haka da daddare yakan yi nauyi. Idan shi ka tarar a gidan kuma babu faiba, ya fi wayar tarho nesa ba kusa ba.

Faiba haske take ɗauka, ba lantarki ba. Zuciyar zaren kusan maikron 9 ce, gilashin da ya lulluɓe ta maikron 125, wato kusan kaurin gashin kai. Hasken da ke ɓacewa a kilomita guda bai kai rabin dB ba, shi ya sa tsarin GPON da aka fi amfani da shi ke kaiwa kilomita 20 ba tare da gudu ya ragu ba. Na kusa da na nesa abu ɗaya suke samu. Tsatsa ba ta kama ta, hayaniyar lantarki ba ta shiga ta, tsawa ba ta bin ta ta ƙone maka modem kamar yadda take bin jan ƙarfe. Sai dai a faɗi gaskiya, ita ma rabawa ake yi: zare ɗaya mai ɗaukar kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na aikawa ana raba shi ga gidaje 32 ko 64. Ba kasafai ake jin cunkoson ba, domin da wuya kowa ya ja da ƙarfi a lokaci guda. Sabon tsarin XGS-PON gigabit 10 yake ɗauka ta kowane ɓangare.

Yanzu ga abin da ke tsorata masu gida, wato aikin shigo da ita. Yawancinsu suna zaton za a fasa bango ne a tona tsakar gida. Abin da ake yi a zahiri bai kai haka ba. Ana janyo kebul daga turken waya ko ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa jikin gida, a manna ɗan akwati a waje. Sai a huda rami ɗaya mai faɗin kusan milimita 10 zuwa 12, a zura waya, a toshe da silikon. A ciki a ɗaura akwatin da ke mayar da haske ya zama saƙon lantarki, wanda ake kira ONT, da ƙusa biyu masu murɗi. Shi ke nan. Aikin awa biyu zuwa huɗu ne idan hanya a buɗe take. Abin da ke jawo jinkiri shi ne bututun ƙasa ya toshe ko ya karye, nan ne ake komawa maganar tono, kuma nan ne dole mai gida ya san komai kafin a sa diga.

Kada ka bar ma'aikaci shi kaɗai ranar aikin. Shi hanyar da ta fi masa sauƙi zai bi, kai ne za ka zauna da sakamakon, kai ne kuma za ka amsa tambayar mai gida. Ramin ya ɗan karkata ƙasa ta wajen gida, don ruwa kada ya biyo shi ciki. Wayar ta sauko ƙasa da ramin kaɗan sannan ta hau ta shiga, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a lanƙwasar. A huda nesa da saitin soket da makunnin fitila, domin wayoyin lantarki a miƙe suke bin bango sama ko gefe daga gare su. Bangon da ke da fale-falen tayil ko filasta mai ado a waje, a fara hudawa a hankali, in ba haka ba bakin ramin zai ɓalle ya bar tabo mai faɗin tafin hannu. Kafin ma a ɗauko injin huda, a duba ko akwai tsohon rami na wayar tarho ko ta talabijin da za a iya bi. Wasu kamfanoni suna da siririn zare mai kamar igiyar kamun kifi, bai kai milimita ɗaya ba, da ake mannawa da gam a kusurwar bango, sai ka ƙura ido za ka gan shi. Akwai kuma kebul mai faɗi da ke bi ta ƙarƙashin taga ba huda, amma buɗewa da rufewar tagar na gajiyar da shi, mafita ce ta wanda aka hana huda ƙememe.

Wurin da za a sa akwatin ya cancanci tunani fiye da yadda ake ba shi, domin da zarar an ɗaura, matsar da shi sai an sake kiran kamfani, sau da yawa da kuɗi. Yana son soket na lantarki a kusa, biyu ma, ɗaya nasa ɗaya na rawuta, na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Kada a sa shi a kicin kusa da zafi da tururi, ko a bayan kujerar da ake ja ana turawa. Ba dole ne rawuta ta zauna kusa da shi ba: wayar kwamfuta ta Cat5e ko Cat6 tana ɗaukar gigabit cif har mita 100, don haka akwatin na iya zama inda mai gida ya yarda, rawuta kuma ta tafi tsakiyar gida.

Izinin mai gida kuwa, a rubuce. Yardar baki a tsaye a ƙofar gida ba ta da amfani ranar da ake lissafin kuɗin ajiyarka. Saƙo gajere ya wadatar, muddin ya faɗi rami nawa ne, faɗinsa, a wane bango, inda akwati zai zauna, wa zai biya, da kuma cewa kayan za su zauna a gidan idan ka tashi, ba za a ce ka cire ka gyara ba. Haɗa da hoton bangon ka yi alama a wurin. Masu gida da yawa da ke cewa a'a, abin da ba su sani ba suke gudu, da sun ga rami ɗaya ne kamar na rataye labule sai su sauko. Ka kuma tuna masa cewa ribar tasa ce: kai za ka tafi, layin zai zauna, ɗan haya na gaba zai tarar da gida a shirye. Hujja mafi ƙarfi ita ce jan ƙarfen kansa yana kan hanyar fita. Kamfanin Orange a Faransa ya tsara rufe layukansa na jan ƙarfe gaba ɗaya zuwa 2030, wasu ƙasashen ma sun riga shi nisa, kuma a wurare da dama da zarar faiba ta iso unguwa sai a daina karɓar sabon mai neman tsohon layi. Ramin nan za a huda shi ko ba jima ko ba daɗe.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ka tambayi mai gida ko akwai na'urar da ke rataye a kan tsohon layin tarho, kamar ƙararrawar ɓarayi ko ta gobara mai kiran waje da kanta. Kada ka bari ma'aikaci ya yanke tsohuwar wayar don kawai ta tsone masa ido. Ba taka ba ce, ba tasa ba ce.

A benen da ke da sassa da yawa maganar ta fi tsawo, domin mai sashenka ba shi ke da iko da matakala da bangon waje ba. Kamfani na buƙatar izinin mai ginin ko masu kula da shi kafin ya bi da waya ta wuraren da kowa ke amfani da su, wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A wasu gine-ginen faiba na tsayawa a ƙasan bene, a raba ta zuwa sassa da wayar Cat5e ko da tsohuwar wayar tarho. Ta farkon ba laifi ko kaɗan. Ta biyun ma, tunda tazarar gajeriya ce, fasahar G.fast na iya ba da ɗaruruwan megabit a ƙasa da mita 100. Nan ne kaɗai wayar tarho ke iya haɗa kafaɗa da faiba.

Sai lissafin kwantiragi, inda ɗan haya ya fi yin asara. Kamfanoni kan yafe kuɗin shigo da layi su ɗaure ka wata 12, 18 ko 24. A ce ka sa hannu a na wata 24, ka tashi bayan wata goma. Saura wata 14, kuma da yawansu za su nemi ka biya duka ko kaso mai tsoka. Kwatanta da tsarin wata-wata, a ce ya fi tsada da kashi 30 cikin ɗari: a wata goma ƙarin da ka biya kuɗin wata uku ne kawai, ko an haɗa da kuɗin shigo da layi da wuya ya kamo wancan. Don haka kada kwantiragin intanet ya wuce abin da ya rage a yarjejeniyar hayarka, sai in an rubuta maka amsar tambayoyi biyu. Idan na tashi, za ku bi ni sabon gida, kuma ƙaurar tana sabunta kwantiragin daga farko? Idan sabon gidan ba ku kai can ba, za ku sake ni ba tara? Kamfanoni sun sha bamban a kan ta biyun, dokokin ƙasashe ma haka. Karanta kuma sharaɗin ƙarin farashi a tsakiyar kwantiragi, yana nan cikin ƙananan rubutun da ba a son ka karanta.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, idan akwatin faiba na bango, ɗauke ta ko wata shida za ka yi, kunna layin da ke nan galibi aikin kwana kaɗan ne. Abin da kan kawo cikas shi ne wanda ya tashi bai rufe asusunsa ba, layin na nan da sunansa, sai an nuna wa kamfani takardar haya kafin ya saki. Idan faiba na titi ba ta shigo ba, kuma kana da shekara ko fiye, nemi izini a ja. Idan saura 'yan watanni, ko mai gida ya kafe, ɗauki jan ƙarfe a matsayin gada, a kan kwantiragi mafi gajarta, bayan ka ga kiyasin adireshin. Mutum ɗaya ko biyu da VDSL mai megabit 40 zuwa 50 ba za su ji takura ba: bidiyo mai kyau megabit 5 yake ci, na 4K kuma 15 zuwa 25. Idan kuwa kiyasin ya nuna ADSL ƙasa da megabit 10, gwada rawutar 4G ko 5G tukuna, ba huda, ba izini, ranar tashi ka sa ta a jaka.

Kada kuma ka sayi gudun da gidanka ba zai iya sha ba. Mutum ya biya kuɗin gigabit, ya tsaya a ɗaki na uku da wayar hannu ya auna ya ga megabit 40, ya ce an cuce shi, alhali Wi-Fi ɗinsa ne ya gaza. Zangon 2.4 GHz yana ratsa bango amma a cunkushe yake, ba shi da gudu. Zangon 5 GHz yana da gudu, sai dai bangon kankare biyu sun isa su kashe shi. Gwajin gaskiya da waya ake yin sa, kwamfuta a haɗe da rawuta kai tsaye, inda layin gigabit zai nuna kusan megabit 940. Idan ka ga ya tsaya cak a 94 ko 95, akwai wayar da silili huɗu kawai ke aiki a cikinta maimakon takwas, ko wata kafa mai iyakar megabit 100 a hanya. Canza wayar kafin ka kira kowa. Ga yawancin gidajen haya megabit 100 zuwa 300 sun isa har da saura.

Akwai wuri ɗaya da tsohon layi ya yi wa faiba fintinƙau. Tarhon jan ƙarfe daga cibiyar kamfani yake samun wutarsa, kusan bolt 48, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki, wuta na tafiya akwatin ya mutu, har da tarhon da ke jikinsa. Ta fuskar intanet dai duk ɗaya ne, modem ɗin jan ƙarfe ma wutar gida yake sha. Maganin ba shi da wuya. Akwatin faiba na cin wat 5 zuwa 8, rawuta kusan 10, a ce 16 gaba ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana riƙe da wat-awa 84, idan na dalma ne rabi ake so a sha don ya yi ƙarko, ka samu kusan awa biyu da rabi ke nan. Ƙananan batura masu fitar da bolt 12 kai tsaye sun fi dacewa, domin ba a asarar wuta wajen juya ta. Duba bolt da amfiya da ke rubuce a jikin cajar kowace na'ura kafin ka saya, akwai masu bolt 9, kuma girman bakin filogi yana bambanta.

Zaman lafiya da faiba a cikin ɗaki ya rataya ne a kan 'yar wayar nan da ke tsakanin bango da akwati. Gilashi ce, ba ta son lanƙwasa mai tsanani. Tsohon nau'in zare yana son lanƙwasar da ba ta matse ƙasa da santimita uku daga tsakiya ba, sababbin da ake sawa a gidaje suna jure santimita ɗaya ko ƙasa da haka, amma ba wanda ke jure a naɗe shi kamar takarda, ko ƙofa ta datse shi, ko ƙafar gado ta hau kansa. Rarar wayar a naɗe ta zagaye mai faɗin tafin hannu a bar ta sakwa-sakwa. Kada ka riƙa zare koren kan nan don gwaji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ƙura ɗaya ko maiƙon yatsa a bakin zaren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya tare hasken. Kore da shuɗin kai kuma ba sa haɗuwa, na koren a karkace aka goge bakinsa, na shuɗin a miƙe, in ka cusa wani a gurbin wani haske zai zube, bakin ma na iya lalacewa. Kuma kada ka leƙa bakin zaren da ido don ka ga ko akwai haske. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya yi wa ido lahani.

Fitilun akwatin suna faɗa maka inda matsala take. Fitilar PON kore a tsaye, layi lafiya, in intanet ba ya zuwa to ka duba rawuta. PON na ƙyafƙyaftawa ba ya tsayawa, haske na zuwa amma kamfani bai karɓi akwatin ba, abin da aka saba gani a gidan da aka gāji akwatin wani. LOS ja, haske ba ya isowa sam: ko wayar ɗaki ta karye, ko an yanke kebul a waje, kashewa da kunnawa ba za su gyara shi ba. Ranar da aka gama haɗawa, ka ce ma'aikaci ya nuna maka ƙarfin hasken da ya auna kafin ya tafi. A GPON ana son ya faɗa tsakanin -8 da -27 dBm. Idan ya nuna -26, yau zai yi aiki, amma ba shi da rarar da zai jure 'yar ƙura ko lanƙwasa nan gaba, gara ya sake haɗin tun yana nan. Rubuta lambar ka ajiye.

Ranar tashi, akwatin ONT da ke bango yawanci na gidan ne ko na kamfanin layi, a bar shi da cajarsa. Cajar ce aka fi kwashewa cikin kaya bisa kuskure, na gaba ya zo ya tarar da akwati ba wuta. Rawuta kuwa sau da yawa aro ce, a mayar da ita a karɓi shaida, in ba haka ba za a caje ka kuɗinta. Sanar da kamfani da wuri, yawanci kwana 30 suke nema, ka ɗauki hoton bangon da ramin yadda ka bar su, ka haɗa da saƙon izinin mai gida a wuri ɗaya har sai kuɗin ajiyarka ya dawo hannunka.